Addu'ar da Tabawa Ta Daina Amsawa

A Anguwan Rogo, in ka ce kana neman Tabawa mai ɗinki, ba wanda zai tambaye ka wace Tabawa. Za a nuna maka shagon nan mai shuɗin labule, a kuma ja kunnenka cewa in sauri kake yi kada ka kuskura ka gaishe ta. Matar nan ba ta san gaisuwar tsaye ba. Kana ce mata sannu sai ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi tsohuwarka da ciwon gwiwarta, mai Napep kuwa yana waje yana ta danna maka oda.

Gado ta yi. Kakanta ya zo Jos daga ƙasar Kano a zamanin haƙar kuza, bai ga arzikin kuzar ba, sai ya zauna yana yi wa leburori facin riguna. Mahaifinta tela ne, kuma abu biyu ya dasa mata tun tana ƙarama: yadda ake yanka atamfa ba a yi ɓarna ba, da cewa ba a barin addu'ar mutum ta faɗi ƙasa. Ko wanda ba ka shiri da shi ne ya ce Allah ya yi maka albarka, ka ce amin. Ta auri Shu'aibu, direban motar haya a hanyar Bauchi, suka yi shekara ashirin da shida, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da keken nan ta riƙe gidan, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da kuka ba.

Ciwon suga ya same ta tana da shekara arba'in da takwas. Ta fara da ƙishirwar da ba ta jin ruwa, sai kuma wata safiya zare ya ƙi shiga allura, ita da take zura shi ko a duhu. Aka auna ta, aka ɗora ta a kan allurar insulin, ta zama 'yar bencin asibiti na ranar Talata. A bencin nan ta haɗu da Felicitas, wadda ake kira Maman Chinonye, 'yar Ibo mai shagon buga takardu a Kwararafa, wadda take rako mijinta Sylvanus. A nan kuma ta haɗu da Atine mai tuyar awara a Nasarawa Gwom, mace mai faɗa kamar me, amma in ta ga allura sai jikinta ya hau rawa. Wata maƙwabciyarta ce take yi mata safe da yamma, ita kuwa ta runtse ido tana salati.

Hirar benci ita ta zama ƙungiya. Felicitas ta buɗe musu shafi a intanet, ta kuma tabbatar kowa yana da imel a wayarsa, domin nas ɗin asibitin ta nan take turo takardun abin da za a ci da abin da za a bari. Aka naɗa Tabawa shugaba, domin ta fi kowa baki kuma ta san gidan kowa. A shekara ta biyu Sylvanus ya rasu. Felicitas lafiyarta ƙalau, amma ba ta bar ƙungiyar ba, ta ce a nan ne kawai ake ambaton sunan mijinta ba a sauya zance ba.

Tun kafin rasuwar tasa Tabawa ta kawo wata shawara, kowa ya ce ta yi kyau. A rubuta sunan kowa a shafin, da abin da yake damunsa, da imel ɗinsa, don Musulmi su sa 'yan uwa a addu'ar Juma'a, Kirista su sa su a ta Lahadi, mai son gaisuwa kuma ya aika. Ita da kanta take sabunta jerin duk wata, da yatsa ɗaya, tana gyara tabarau. Wane idonsa ya fara hazo. Wance tana da juna biyu. Atine, gyambon ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Shafin a buɗe yake ga duk duniya, amma wa ya kawo wannan a ransa? Su dai a ganinsu tsakar gidansu ce.

A daminar bara saƙon farko ya shigo. "Assalamu alaikum Hajiya Tabawa. Allah ya ba ki lafiya, ya yaye miki wannan ciwo." Tabawa ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma Hajiyar nan ta yi mata daɗi, ba za a ɓoye ba. Mai saƙon ya ce shi likita ne a ƙasar waje, yana da garin wani ganye da ke kawar da suga cikin mako uku. Sharaɗinsa ɗaya: a daina allura kafin garin ya iso, don kada magungunan su yi karo. Hausar tasa tana ɗingishi, Tabawa ta ce ai dole, mutumin waje ne, ƙoƙari ma ya yi. Ba ta yarda da garin ba, ta sha ganin irinsa a bakin tasha. Amma addu'a fa aka yi mata. Ta ajiye almakashi ta rubuta, "Amin, na gode, amma ba na buƙata."

Ranar Talata ta tarar kowa a bencin ya samu nasa. Na Kirista ma cikin sunan Yesu aka buɗe shi. Sai ta tashi da muryar shugabanci ta ce, "Ko ba kwa so, ku amsa. Ba tarbiyya ba ce a yi wa mutum addu'a ya yi shiru." Mutum sittin da wani abu suka bi umarni.

Kafin mako ya zagayo, wayar Tabawa ta zama kasuwa. Likita ɗaya ya haifi goma. Wannan na da shayi, wancan na da zobe, wani gidauniya ce da ke son hoton katin shaidarta. Kowanne da addu'arsa a gaba, ita kuwa baiwar Allah tana ta rabon amin, ɗinkin mutane na jiranta. Da abin ya ishe ta, ta hau Napep cikin yayyafi ta nufi Kwararafa, a zatonta wayar ce ta lalace.

Felicitas ta karɓi wayar ta duba, ta dafe kai. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, kowa "ka" ne a bakinta.

"Mama, duk ka amsa wannan?"

"To me zan yi, Maman Chinonye? Mutane suna yi min addu'a."

"Wane mutane? Abeg, don Allah zauna tukuna. Babu mutum a wurin. Inji ne, yana aika wa mutum dubu lokaci ɗaya. In ka ce amin, ka gaya masa akwai mai rai a gidan nan, yana karanta. Shi kuma ya sayar da sunanka ga wani ɓarawo."

Ran Tabawa ya ɓaci. Ta ce inji ba ya sanin sunan mutum, ba ya sanin ciwonsa. Felicitas ba ta yi musu ba. Ta ja aljihun tebur ta fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wayar Sylvanus, wadda har yau take sa mata caji. Ta buɗe ta miƙa mata. Saƙon na shekaranjiya ne. Likitan yana taya Sylvanus murna, ya ce ya yi nazarin halin da yake ciki, in ya daina allura yau, nan da mako uku zai miƙe garau. Sylvanus kuwa ya shekara biyu a ƙasa.

"Daga shafinmu suka kwashe," in ji Felicitas a hankali. "Wannan jerin da kake rubutawa."

Kunya ta rufe Tabawa kamar ta nutse. Da hannunta ta jera cutar kowa a bakin titi, da bakinta kuma ta ce a amsa. Nan take ta sa aka goge jerin, aka rufe shafin sai ga 'yan ƙungiya. Tana cikin ɗaura gyale sai ta tuna wani abu. Atine ba ta zo benci Talatar da ta wuce ba, ga shi ɗinkinta ya kwana biyar a shago ba ta aiko an karɓa ba, Atinen da ke zuwa tsayawa a kanka tun ba ka sa almakashi ba.

"Ba ni aron wayar nan," ta ce wa Felicitas, ta ɗauki wayar Sylvanus ta nufi gidan Atine.

Ta tarar da murhun awara a kashe da rana tsaka. Atine tana kwance a ɗaki, leɓɓanta sun bushe, ga butar ruwa ta shanye a gefe, ƙafar hagu an naɗe ta da tsumma, warinta ya riga sallama isa ƙofa. Amma fuskarta cike da fara'a.

"Yaya, na kusa hutawa da allura. Yau kwana shida ban yi ba. Garin yana hanya."

"Atine, tashi mu tafi asibiti."

"Ba inda za ni. Su can shekara huɗu suna tsira min ƙarfe. Wannan likitan bai taɓa ganina ba, amma ya san ƙafar hagu ce, Yaya, ya san gyambo ne. In ba mai ilimi ba, wa zai sani?"

A nan ne Tabawa ta yi abin da har gobe ake ba da labarinsa. Da ta so, sai ta ce 'yan damfara ne masu wayo, ta tsira da mutuncinta na shugaba, ba wanda zai san komai. Sai ta durƙusa a gaban katifar, mace mai jikoki, ta ce, "Ni na gaya masa. Ni na rubuta ƙafarki a inda kowa ke gani, don a yi miki addu'a. Ba ilimi ba ne, rubutuna ya karanta. Ni kuma na ce ki amsa masa. Laifina ne, Atine, ba naki ba."

Ta ajiye wayoyi uku a jere a kan zanen gado, tata da ta Atine da ta mamacin, ta karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Kalma ɗaya ce, suna kawai aka sauya. Da ta zo kan na Sylvanus, inda ake yi masa albishir zai miƙe garau, muryarta ta karye. Atine ta je jana'izar nan, ta tsaya a bakin coci da mayafinta har aka fito da akwatin. Ta ƙura wa fasasshen gilashin ido. Can ta fashe da kuka, tana zagin likitan, tana zagin Tabawa, tana neman takalminta.

Mako biyu Atine ta yi a gadon asibiti. A cikin kwanakin nan Tabawa ta rufe shago rabin yini kullum, ta bi gidajen 'yan ƙungiya daga Anguwan Rogo har Kwararafa. Duk inda ta shiga da maganar laifinta take farawa, sannan ta karɓi waya ta nuna inda ake dannawa a tura saƙon banza kwandon shara, ba a buɗe shi ba, ba a amsa ba. Wani dattijo ya ce shi dai ba zai iya ganin addu'a ya yi shiru ba. Ta ce, "Baba, ni ma ban iya ba. Ka ce amin ɗinka da baki, Allah yana ji. Yatsa dai kada ya taɓa." Ta kuma kafa doka guda, wadda har yau take aiki: duk wanda aka ce ya daina maganinsa, ko wane ne ya faɗa, sai ya kawo maganar benci ranar Talata a gaban nas. Ba a sauke ta daga shugabanci ba. Da ta nemi sauka ma, Felicitas ta ce in ta sauka ita ma ta bar ƙungiyar.

Likitoci sun cire wa Atine ƙaramin yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Ranar sallama Tabawa ta zo da ɗinkin nan a leda. Nas ta shigo da allurar safe, ta tambaya wa zai riƙa yi mata a gida. Atine ta kalli allurar, ta kalli ƙafarta a cikin bandeji, ta miƙa hannu.

"Kawo nan. Yaya, juya baya, ba na son a kalle ni."

Tabawa ta juya ta fuskanci bango. Ta ji ana janye zane, ta ji salati da rawar murya, sai shiru, sai wani ɗan siririn "wash".

"Shi ke nan?" in ji Atine. "Wai dama shi ke nan?"

Tabawa ba ta juyo ba tukuna. Hawaye ne ke zuba a kan ledar ɗinkin, kuma ba ta son mai faɗan nan ta samu abin tsokanarta.