Kafaɗar Tsoho Ding

Ding Zhanfu ya fara jan taliya da hannu tun tsawonsa bai kai teburin kwaɓi ba, a shagon kawunsa da ke birnin Lanzhou, sai an ajiye masa kututture ya taka. Da ya kawo ƙarfi ya buɗe nasa shagon a wani lungu kusa da kogi, ya yi sama da shekara arba'in yana ciyar da unguwa. Kafin kiran asuba ya ɗora tukunyar romon naman sa, daga masallaci kuma sai kan kwaɓi. Ba ya zaman biki, ba ya kwana a wani gari. Ko ranar da aka haifi ɗansa Weidong sai da ya sallami masu karyawa sannan ya nufi asibiti, abin da matarsa Guilan ke yi masa gori a kai har gobe.

Kafaɗarsa ta dama ce ta ajiye shi. Likita ya ce jijiyar ta yage, in bai rabu da kwaɓi ba wata rana ko loma ba zai iya kaiwa baki ba. Weidong ya karɓi teburin, shi kuma Zhanfu ya koma tsayuwa a bayansa. "Ruwa ya yi yawa." "Wannan taliya ce ko igiyar shanya?" Da ma'aikaci na biyu ya ajiye aiki saboda mita, sai Guilan ta aika a kira mata abokansa na yarinta: Bai Youde, tsohon direban tasi mai tumbi da yawan dariya, da Kang Shulin, wani siriri marar hayaniya da ya yi ritaya daga gidan waya. Dama su biyun sun daɗe suna shirin bin hanya a mota har su ga teku.

"Don Allah ku tafi da shi," in ji ta, "kafin yaron nan ya gudu ya bar mana shago."

Haka aka cusa shi a gaban mota, da jakar busasshen burodi da butar shayinsa. Suka yi kwanaki suna gangarawa kudu, ana keta duwatsu, ana wuce gonakin shinkafa. Youde na tuƙi yana waƙa, Shulin na gyangyaɗi a baya, Zhanfu kuwa waya ce a kunnensa. Ko mai naman ya kawo ƙashin da aka saba? Ko an tace romo? Tun Weidong na amsawa da "To, Baba," har ya koma cewa yana cikin aiki, daga baya ma wayar sai ta yi ta ƙara ba mai ɗauka.

Da suka isa Beihai, wani gari a bakin teku, Youde ya kashe mota ya ce nan za a zauna sai an gaji da zama. Suka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, da safe suka fita bakin ruwa. Yashi fari tas, mai laushi kamar fulawa. Youde ya tuɓe ya rage gajeren wando, ya faɗa ruwa yana ihu kamar ba jika gare shi ba. Shulin ya miƙe a kujera ƙarƙashin laima, ya ɗora hula a fuska.

Zhanfu ya tsaya da takalminsa da safarsa.

"To, mun gani," ya ce. "Sai me kuma?"

"Sai ka zauna, Tsoho Ding," in ji Shulin daga ƙarƙashin hula.

"In zauna in yi me?"

"Ba komai. Abin da ya kawo mu ke nan."

Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira sunansa. Bai daɗe ba ya miƙe. Ya gyara laima, ya jera takalman abokansa, ya tsince kwalaben da wasu suka yar. Jikinsa ya san lokacin da ake cika a shago, hannuwansa sai motsi suke yi a banza. Ga zafi mai danƙo, ga yashi har cikin kofin shayi. Ruwan kwakwar da Youde ya sayo masa, kurɓa ɗaya ya yi ya ce kamar ruwan wankin shinkafa. Da aka zauna karta ya cinye su cikin sauri, ba don daɗi ba, don a gama a tashi. Ba wanda ya tashi.

"Kai dai, ko Aljanna aka sa ka sai ka tambayi inda madafa take," in ji Youde.

"Kai kuma ai tumbinka ya riga ka shiga."

Washegari bayan azahar, da zama ya ishe shi, ya bar su ya bi layin shagunan da ke bayan masauki. Can ya ci karo da wani allo mai koren rubutu: taliyar Lanzhou. Ya shiga. Masu shagon wasu mata da miji ne, ba su wuce shekara talatin ba, kuma daga jin maganarsu ya gane mutanen lardin Qinghai ne, ba su taɓa kwana a Lanzhou ba. Ya yi sallama, suka amsa da fara'a, aka kawo masa kwano. Ya ɗanɗana romo, ya ɗaga taliya ya duba, ya ajiye.

"Ɗan ƙanena, wa ya koya maka ja?"

Mijin ya yi murmushi ya faɗi sunan wani ɗan'uwansa. Zhanfu bai jira izini ba. Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya zagaya bayan tebur. Masu cin abinci suka juyo suna kallo, matar ta ɗaga waya don ta ɗauki hoto. Kwaɓin na taɓa tafinsa ya ji ransa ya dawo. Ya murza, ya miƙar, ya naɗe. Ja na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku, da ya buɗe hannuwa ya ɗaga, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a kafaɗa. Hannun ya saki. Kwaɓin ya zube a ƙasa, cikin yashin da ƙafafun mutane suka kwaso.

Matar ta sauke wayar a hankali.

"Baba, zauna ka huta," in ji mijin, yana jawo masa kujera. "Ba komai, kwaɓi ne kawai."

Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya biya kuɗin kwano da na kwaɓin duk da sun rantse ba za su karɓa ba, ya fita yana riƙe da gwiwar hannu.

Abokansa na ganin yadda yake tafiya suka gane. Youde ne ya kasa haƙuri.

"Ka je ka taɓa fulawar mutane, ko?"

"A haɗa kaya. Gida zan koma."

"Da wace motar? Makulli na wurina."

Suka yi ta sa-in-sa har masu laimar kusa suka fara leƙe. Zhanfu ya ce sato shi aka yi, ya ce su biyun ba su taɓa yin aikin da za a yi kewarsa ba. Maganar ta yi wa Shulin zafi, ya cire hula ya dube shi.

"Ni ma na yi kewar nawa, Zhanfu. Na yi wata da watanni ina tashi in sa riga ba inda za ni. Ba kai kaɗai aka ajiye ba. Kwanta."

Ko don kunya, ko don zogin ya hana shi gardama, ya kwanta. Suka yi ta ɗibar yashi mai zafi suna tara masa a kafaɗa har ya rufe ƙirji. Yana mita yana cewa wannan camfin tsofaffin mata ne, zafin kuwa na ratsa shi. Bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba, shi da rabonsa da barcin rana tun yana yaro.

Sai dab da magariba ya farka. Inuwar laima ta gushe, rana ta gasa masa rabin fuska ta yi ja wur, la'asar ta kusa kuɓuce masa, ga kuma kiran Weidong da ya shigo yana barci.

"Me ya hana ku tashe ni?"

"Ni na amsa kiran," in ji Youde. "Ya ce lafiya lau, yau tun kafin azahar romo ya ƙare saboda jama'a."

Zhanfu ya tafi ya yi alwala yana jin haushin da bai san wa zai ɗora wa ba.

Sun ƙara kwanaki a Beihai kafin su ci gaba da bin gaɓar teku zuwa gabas. Bai shiga ruwan ba ko sau ɗaya, iyakarsa ya cire safa. Kiran waya dai ya ragu zuwa sau ɗaya da yamma, shi ma rabinsa faɗa ne.

Da suka dawo Lanzhou ya tarar an sake wa shagon fenti, an ƙara tebura a waje, kuma ba wanda ya nemi shawararsa. Bai sake taɓa kwaɓi ba. Yanzu a ƙofar shago yake zama yana ɓare tafarnuwa da soya barkono, aikin da bai yarda kowa ya karɓa ba. In tsofaffin masu zuwa karyawa suka tambaye shi yaya teku, sai ya ce ruwa ne mai yawa wanda ko miya ba ya yi. Youde da Shulin sun fara maganar tafiya yamma baɗi. Ya ce ba da shi ba. Guilan ta ce za a gani.