Darasin da Aka Yi da Gonar Tjitske

Tjitske Wiersma maƙwabciyata ce, ɗan rafi ne ya raba gonakinmu. Cikin shanu ta tashi, cikinsu ta yi aure, kuma ranar da aka binne mijinta ma sai da ta yi tatsar yamma. Ba ta da fara'a, ba ta kuma iya ƙarya ba. Burinta ɗaya ne a duniya: ɗanta Douwe ya gama jami'ar aikin gona ya dawo ya karɓi garken, kamar yadda ita ta karɓa daga mahaifinta.

Douwe na shekarar ƙarshe sai ga wani malaminsu, Reinout. Ta ƙofar baya ya shigo gidanta, ya cire takalmi kamar ɗan gida, ya yabi kofin da ta dafa masa. Ya ce yanzu karatu rabi a kwamfuta ne, rabi a fili. Suna neman gona ta gaske da ɗalibai za su riƙa kallo daga ɗakunansu, ƙarshen zango kuma a kawo su su gani da ido.

"Me za su kalla? Kashin shanu?" in ji ta.

"Yadda ake riƙe gona, Tjitske. Irinki sun yi ƙaranci."

Da wannan ya saye ta. Aka kafa kyamarori a garke, aka rataya wa shanu na'urar da ke faɗin abin da suka ci da madarar da suka bayar, aka soka bututun awon ruwa a makiyaya. Matar da ba ta taɓa damuwa da idon kowa ba, sai ga ta tana shafe bangon garke da farin fenti. Har tsokanata take daga tsallaken rafi: "Jelle, shanuna sun shiga jami'a. Naka fa, ko firamare?"

Ranar da motar ɗalibai ta zo, ni ta kira in taya ta zuba kofi. Ta gasa kek ɗin tuffa faranti-faranti. Wata yarinya mai sakin baki, bakinta cike da kek, ta ce mata, "Gwaggo, mu rukuninmu shekara biyar muka ba ki. Sauran sun ce uku ma da ƙyar."

"Shekara biyar ta me?"

Shekarun da suka rage wa gonar kafin ta durƙushe ke nan. Ashe darasin duka a kan yadda ake rufe gonar da ƙasarta ke nutsewa ne. Tun farkon zango suke kallonta tana tashi da asuba, suna muhawara kan wace saniya za a fara sayarwa. Ban taɓa jin kunyar zama cikin mutane kamar ranar ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Reinout ya yi ta kame-kame. "An cire sunanki fa. Babu wanda zai gane."

"Ɗana fa? Shi ma bai gane shanun uwarsa ba?"

Douwe, wanda shi ma ɗan ajin ne, na tsaye bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Kullum ƙarshen mako yana gida, yana cin abincinta, bai taɓa cewa uffan ba.

Da motar ta tafi, Tjitske ta shiga tatsa, ni da Douwe muka bi ta. Ta sa wa saniyar farko injin tatsa, ba ta juyo ba.

"Kai me ka rubuta?"

"Mem," in ji Douwe, haka yake kiran uwarsa, "ƙasar tana sauka kowace shekara. Ke ma kin sani."

"Na sani tun ba a haife ka ba. Me ka rubuta?"

"Na ce a sayar tun garken na da daraja." Ya matso kusa da ita. "Ba zan dawo ba, Mem. Na rasa ta inda zan fara faɗa miki."

Ta matsa ga saniya ta biyu, ta goge mata nono a hankali.

"To a cikin shawarar taku, wa kuka ce zai gaya wa matar?"

"Ba a tambaye mu wannan ba," in ji Douwe.