Dattijon Benci na Uku

Ina ɗan shekara ashirin da biyu nake buga tafireta a ofishin wani kamfanin sayen fatu da ƙiraga a Maiduguri. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma ko'ina ka zauna zancen da ake yi shi ne hanyar jirgin ƙasa ta kusa isowa gari. Ɗaki ɗaya nake haya a Hausari, a gidan wani maɗinki mutumin Kano wanda ya san mahaifina. Da safe in hau keke in bi inuwar itatuwan dogon yaro zuwa ofis, da la'asar in dawo in wanke riga ɗaya in goge ɗaya.

Aikin kansa ba shi da wuya. Wuyar tana wurin babban akawu. Ba ya ɗaga murya. Sai ya karɓi wasiƙar da na buga, ya kai ta hasken taga, ya nemo harafi ɗaya da bai fita sosai ba, ya ce a sake. Akwai ranar da na buga wasiƙa ɗaya sau biyar. Masinjanmu ne ya tsegunta mini cewa ƙanin matar akawun ya gama koyon tafireta yana zaune a gida, kujerata ake nema masa. Daga ranar na daina sakin jiki da kowa a ofishin, har shi masinjan, don na kasa gane abin da zai samu da ya gaya mini.

Silima kaɗai ke wanke mini kai. Laraba da Asabar ba na fashi. Fili ne marar rufi, bencuna a gaba, kujerun manya a baya. Wurina benci na uku, gefen hagu. Na fi son fim ɗin kaboyi saboda ina jin Turanci, na Indiya kuwa ko kalma ɗaya ba na ji, amma haka nake rera waƙoƙinsu a kan keke.

Wata Laraba wani dattijo ya zo ya zauna kusa da ni. Babarbare ne, da hularsa mai tsayi da babbar riga fara fes, yana ƙamshin turaren wuta. Irinsa a kujerun baya suke zama. Ya gaishe ni da wushe irin tasu, na amsa, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Da aka fara fim sai ya karkato kansa.

"Malam, wane ne ya shigo yanzu?"

"Ai ga shi nan, Baba. Mai baƙar hular nan ne."

"To me ya ce?"

Na fassara masa. Haka muka yi har aka tashi. Ranar Asabar na tarar ya riga ni zuwa, ya ajiye mini wuri da sandarsa.

Da farko abin ya yi mini daɗi, don ina son a saurare ni. Amma a mako na uku tambayoyinsa suka bar bangon silima suka dawo kaina. Ɗan wane ne ni a Kano? Da wa nake kwana a ɗaki? Ina shan wani abu? Sannan ya tambayi wadda ta tsaya mini a rai.

"Takardun da ke bi ta hannunka a ofis, kana ba abokai labarin abin da ke cikinsu?"

Ban taɓa gaya masa inda nake aiki ba.

Lokacin siyasa ne, ana cewa akwai masu zama a teburin mai shayi su kwashi magana su kai gaba. Na fara lura da shi. Idan aka yi abin dariya, sai kowa ya gama sannan ya yi tasa. Sau da yawa ba ma bangon yake kallo ba, kunnensa kawai yake ba ni. Na ce a raina wannan ba kallo ya kawo shi ba. Ko dai ɗan leƙen asiri ne, ko babban akawu ne ya turo shi ya samo abin da za a kore ni da shi.

A wani fim na taɓa ganin jarumi ya saki labarin ƙarya don ya ga ta bakin wa zai dawo. Na ce bari in gwada. Ranar Asabar, kafin a kashe fitilu, na ce masa, "Baba, na kusa barin wurin aikina. Masu jirgin ƙasa sun ɗauke ni." Ban gaya wa kowa wannan maganar ba sai shi. Ya tambaya ko nan kusa zan bar gari. Na ce wataƙila.

Ranar Talata babban akawu ya kira ni teburinsa, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ashe tafiya za ka yi, ba sallama?"

"Wace tafiya, ranka ya daɗe?"

"Ta jirgin ƙasa. Allah ya sanya alheri. Ba ma tsare mai rabo. Kafin su kira ka, ka koma sito ka taimaka musu, a samu wanda zai saba da tafiretar tun yanzu."

Na rantse masa babu wannan magana. Ya ce to wanda ya gaya masa ba yaro ba ne. Kashegari ƙanin matarsa yana kan kujerata.

Siton yana can wajen Kasuwar Shanu. Aikina in tsaya a kan masu shanya fatu da masu ɗaure su, cikin wari da ƙudaje. Warin ya bi ni har ɗaki, maɗinkin ya ce in riƙa rataye rigar aiki a waje. Na daina zuwa silima. Abin da ya fi cina ba komawa sito ba ne, a'a, yadda na yi daidai a zatona kuma na cuci kaina da bakina. Ko mai gidan da nake haya ya tambaye ni ya aiki, sai in dube shi sau biyu.

Mako uku bayan haka, da azahar, ina alwala a bayan sito, sai ga dattijon yana tahowa a hankali, yana taɓa bango da sandarsa. Masu ɗaure fatu suka miƙe suna gaishe shi. A bakinsu na ji cewa babban dillalin shanu ne, wanda ake cewa daga nesa yake duban bijimi ya faɗi shekarunsa.

"Na neme ka a benci ban same ka ba," in ji shi.

"Baba, me na yi maka ka kai ni wurin akawu?"

"Kai ka? Tambaya na je yi. Na ce masa yaron nan da zai koma jirgin ƙasa, yana da riƙon amana? Ya ce bai taɓa jin maganar ofis ta fita ta bakinka ba."

Ya ja ni gefe, inda babu mai jin mu. Ya zaro wata ambulan daga aljihun ciki, duk ta yi laushi da gumi.

"Idanuna ne. Shekara guda ke nan kamar ana zuba musu hayaƙi. Wani likita Bature ya duba ni a asirce, ya rubuta Kano, wannan ce amsar. Akawunan garin nan duk sun san ni. In ɗaya ya karanta da safe, kafin la'asar kasuwa ta ji, kuma babu mai ba makaho sa ya sayar masa. Kai baƙo ne. Shi ya sa na tsaya in san halinka tukuna."

Na buɗe. Asibitin ido ne suka ba shi ranar da zai zo a yi masa aiki, suka ce kada ya makara, don idon dama ya fi tsanani. Na duba kwanan watan, na sake dubawa. Ranar ta wuce da kwana goma sha ɗaya.

Na gaya masa. Sannan ya ce daren da na yi masa zancen jirgin ƙasa takardar tana aljihunsa, ya yi niyyar ba ni, amma da ya ji zan bar aiki sai ya ce bari ya ƙara bincike. Ban gaya masa ƙarya na yi ba. Na ce dai maganar jirgin ta lalace.

A kan ɗaurin fatu na rubuta musu amsa da hannu, da Turanci mafi ladabi da na iya, na ce rashin mai karantawa ne ya jawo jinkiri. Ni na kai gidan waya. Da sabuwar rana ta zo, ni na karanta masa, na kuma raka shi tashar mota. Ya gaya wa mutanensa zai je ganin wani malami.

Bayan wata biyu ya dawo da baƙin tabarau. An ceto idon hagu, na dama ya tafi. Ko kwana goma sha ɗayan nan da makonnin da suka biyo baya ne suka tafi da shi, ban sani ba, kuma ban sami ƙarfin tambaya ba. Likita ya hana shi kallon haske mai ƙarfi, don haka bai sake shiga silima ba.

Na yi shekara ɗaya da wata biyu a siton kafin in sami aikin koyarwa a wata makarantar firamare. A tsawon lokacin nan kusan kullum nakan hango shi a kasuwa, yana zagaya bijimi ta ɓangaren hagu, yana shafa tozonsa, masu saye suna biye da shi suna jiran abin da zai ce. In mun haɗu a gaban mutane, gaisuwar nesa muke yi, kamar waɗanda ba su taɓa cin goro ɗaya ba.