Yadda Muka Kai Baba Maruda a Lulluɓe

Kalgo

Tun kafin kiran assalatu na tashi Baba. A ɗakina ya kwana, bayan mun dawo daga babban asibitin da aka yi masa aikin ciwon daji na kumatu. Aikin ba na wuƙa ba ne. Allura biyu aka yi masa: ɗaya dafi ce mai kashe ƙwayoyin cutar, ɗayar kuma magani ne da haske ke tayarwa. Da likita ya haska jar fitila a kan ƙarin, maganin ya buɗe wa dafin hanya ya shiga ƙwayoyin, lafiyayyen nama bai taɓu ba. Sai dai sauran maganin yana nan a jikinsa. Likita ya ja mini kunne cewa in rana ta taɓa shi cikin makonnin nan, fatarsa za ta ƙone kamar an zuba ruwan zafi.

Na yi shatar motar Malam Garba don mu isa gida kafin hantsi. Motar ta ƙi tashi sai da gari ya waye tangararan. Na naɗe Baba da farin zanen gado tun daga kai har ƙafa, ya kwanta a kujerar baya yana mita.

Birnin Kebbi zuwa Gwandu

A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo, ya ga abin da ke baya, ya cire hula.

"Allah Shi jiƙan rai," ya ce, ya ɗaga mana hannu.

Malam Garba ya yi ta dariya har Gwandu. Ni ma na yi, kuma wautata ke nan, don ban kawo Inna a raina ba. A tasha na sayi fura, Baba ya sha ta ƙarƙashin zane.

Maruda

Rana na tsaka muka tsaya ƙofar gida. Ƙafar Baba ta yi tsami, sai Malam Garba da wani maƙwabci suka ciccibe shi. Kafin in buɗe baki mata sun ɗauki salati. Inna ta fito daga zaure da muciya a hannu, ta dubi farin zanen, ta zube ƙasa ba ko kuka.

Baba ya ji faɗuwarta. Na ga hannunsa yana laluben bakin zanen zai yaye, ga rana kamar wuta. Na damƙe hannun da dukkan ƙarfina.

"Baba, don Allah kar ka buɗe. Yi mata magana."

"Sake ni, ɗiyag ga!"

"Ba ni saki."

Ya saki bakin zanen. Can ya ɗaga murya: "Hajo! Tashi, ban mutu ba. Tuwonki na ƙauri."

Mata biyu suka ruga a guje. Inna ta ɗago, ta rarrafo, ta kama ƙafarsa ta cikin zane ta matsa, ya ce wash.

Muka shigar da shi ƙuryar ɗaki, na toshe taga da tabarma, sannan na kwance shi. Inna ba ta iya ganinsa sosai, sai ta shafa fuskarsa da tafin hannu, a hankali, tana kauce wa bandejin da ke kumatunsa.

"Ka rame," ta ce.

Na fito na yi wa Malam Garba godiya, na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya. Daga nan na zauna a dokin ƙofa ina tare masu dubiya, ina jin su biyun a ciki suna gardama kan wa ya fi tsorata wani.