Tambayar Baffa Kan Hannun Jari

Jiya abokin aikina a Birnin Kudu ya nuna min yadda hannun jarin wani kamfani ke tashi, sai na tuna marigayi Baffana na Zandam, tsohon malamin lissafi.

Shekarar da na so sayar da gonata in sayi irin wannan hannun jarin, na same shi gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Na miƙa masa takardun kamfanin da zan saya, ya duba, ya ƙanƙance ido.

"Bara ribar shekara takwas ke mayar wa mai saye kuɗinsa, bana sai ta talatin. Riba ba ta ƙaru ba, farashi kawai ya hau. Ɗana, wa ke hura shi?"

Na ji haushi, amma na fasa sayar da gonar. Gonar ce ke ciyar da iyalina yau.

Allah ya haskaka kabarinsa.