Ranar da Inna Ta Ɗauke Ni Baƙo

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ƙanena, gari bai gama wayewa ba muka bar Kano. Ku da kuke ta turo min saƙo wai na ji daɗi, na tsere wa sanyin Turai na zo hutun ƙarshen shekara, to ga labarin nan, ku auna daɗin da kanku.

Ga wanda bai sani ba, a wani gari na arewacin Ingila nake zaune, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. A irin wannan lokacin kana sallame la'asar duhu ya fara. In fita da duhu in dawo da duhu, in dafa taliya in ci a tsaye, maƙwabcina kuwa har yau ban san sunansa ba. Aikina in yi wa iyayen wasu wanka, in ba su abinci a baki, in sake sauraron labarin da suka ba ni jiya. Hutun nan da ƙyar na same shi, kuma abu ɗaya ya kawo ni. Ƙanwata da ke aure a Ajingi, wadda Inna take zaune a wurinta, ta kira ni ta ce tsohuwa ta fara rikicewa, tana yawan mantuwa. So nake in zauna da mahaifiyata mu yi hira ko sau ɗaya ne kafin hankalinta ya gama tafiya, domin tun da nake ba mu taɓa yi ba. Ni ne ɗan farinta. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. In na kira waya ta ji muryata, sai ta miƙa wa wanda ke kusa.

A tasha ɗan kamasho ya kalli takalmina ya kalli jakata, nan take kuɗin mota ya tashi. Ƙanena ya ce in ja bakina in yi shiru, wai har Hausata ƙanshin jirgi take yi. Ko da ya gama ciniki, abin da muka biya ya ninka wanda na sani ba sau ɗaya ba. Aka cusa mu a baya kamar buhunan gero, gwiwata a haɓata, wani dattijo yana riƙe da zakara a cinya.

A Wudil muka tsaya aka sauke kaya, na sayi ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance, shi ma da alama tsadar rayuwa ta taɓa shi, amma rabona da abin da ya yi min daɗi haka na manta. Daga nan zuwa Gaya gonaki ne hagu da dama, an gama girbi, an jingine kara, shanu sun bazu suna kalen abin da ya rage. Duk inda muka wuce mutane sun kewaye wuta, sun naɗe kai da kunne. Direba ya ji daga inda na zo, ya ce to ai ni ba ruwana da wannan sanyin. Ban gaya masa cewa haƙorana haɗuwa suke yi ba.

Na ɗauka daga Gaya wucewa kawai za mu yi, ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Baffana da ke zaune a Gaya, ƙanen mahaifinmu marigayi, ya ce ba a yi ɗan da zai dawo daga uwa duniya ya tsallake gidajen da aka yi rashi ba. Haka muka kama, daga wannan zaure zuwa wancan, har Kademi sai da muka je a kan babur. Ko'ina a shimfiɗa tabarma, a yi addu'a, a kawo fura, sannan a ja ni gefe a tambaye ni yadda ake samun biza. Wani ma cewa ya yi ko wankin tsofaffin ne zai yi, yana dariya, bai san shi nake yi ba. Kwanakin hutuna suna ta zagwanyewa, raina yana ɓaci, amma wa zan gaya wa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, abin da aka ce ka yi shi za ka yi.

Sai da Baffa ya gamsu ya sallame mu. Muka hau acaɓa zuwa Ajingi da hantsi, ɗan acaɓan yana kauce wa ramuka yana ba mu labarin tsadar mai.

Mun tarar ƙanwata ta shiga maƙwabta. Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana shan hantsi, da ƙwaryar gyaɗa a gabanta tana ɓara. Ta rame, hannayen duk jijiya. Na yi sallama na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba, ina jiran ta kau da kai. Sai ta ɗago ta kalle ni, ido cikin ido.

"Sannu da zuwa, baƙo. Daga ina?"

Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, na riƙe masa riga.

"Daga nesa, Inna."

"Matso nan, rana ta fi faɗowa. Ungo gyaɗa."

Na matsa har gwiwata tana taɓa tabarmarta. Ta zuba min gyaɗa a tafi da hannunta. Ta tambaye ni ko garinmu akwai sanyi, na ce akwai. Ta ce ita ma tana da ɗa a irin wannan garin.

"Habu sunansa. Shi ne babba."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta tana ba ni labarina. Wai da aka ɗauke shi aka kai ɗakin kakarsa, takan laɓe a bayan danga ta ga ko ya ci abinci. Wai shekarar da ya yi ƙyanda, yana kuka tana ji, ba halin ta je ta ɗauke shi a gaban surukai, sai ta ɗauki taɓarya ta yi ta daka don kada a ji nata kukan. Ta ce yaron ba ya son kuɓewa, kuma ba wanda ya lura sai ita.

"In ka koma ka gan shi, ka ce ya riƙa cin abinci. Ba ya faɗa in yana jin yunwa."

Na ce zan gaya masa.

Ana haka ƙanwata ta shigo, ta gan mu, murna ta kama ta.

"Inna, ba ki gane shi ba? Ai Yaya ne. Yaya ne ya zo."

Inna ta tsaya da ɓarar. Ta sake kallona, na ga lokacin da ta gane ni. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta juya wajen bango, ta ce da ƙanwata a kai wa wancan ruwa.

Sauran kwanakin da na yi a Ajingi hankalinta garau. Kowa yana hamdala, wai zuwana ya yi albarka. Ni kuwa kullum da safe in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon ƙasa. Ranar da zan tafi ta ba ƙanwata daddawa da kuka ta ce a sa a jakar masu tafiya. Ban ji haushin ƙanwata ba, gaskiya ta faɗa. Haushin wannan kunya nake ji, da aka ɗora wa mace tun tana yarinya, aka ce mutunci ne, ta riƙe har tsufa.

Mun biyo ta Gaya muka dawo Kano, na hau jirgi, yanzu haka ina ɗakina, ruwa yana ta zuba a waje. Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne: nisan da ke tsakanina da Inna ba jirgi ne ya kawo shi ba, a gida na same shi. Jiya ƙanwata ta kira ta ce mantuwar ta dawo, in dage da roƙa mata lafiya. Ina roƙa. Sai dai na san in ta warke ba za ta ƙara yi min magana ba, kuma in na ɗaga hannu, har yanzu ban san wanne zuciyata take roƙo ba.