Labarin da Na Ba Shi a Zaure

Na fara ganinsa ne a taron horas da malamai a Bici, lasifika a hannu, yana bayanin yadda shugaba zai ja na ƙasa da shi a jiki. Ni mataimakiyar hedimasta ce a firamaren ƙauyenmu, kuma da littattafan soyayya na kasuwa na tashi. Kafin a tashi sallar azahar na gama zaɓa mana kalar labulen ɗaki a zuciyata.

Da ya fara zuwa zance gidanmu, wata la'asar a zaure ya tambaye ni shugaban da ya fi burge ni. Na ce Babana, na kuma ba shi labarin da daga ni sai Inna muka sani. Baba ne ke raba kunyoyi ranar gayya. Ƙaninsa, Baffa, hannunsa na dama ya shanye tun yana saurayi. Kullum Baba kan ɗauki kunyar da ke kusa da ta Baffa, ya ɗan yi gaba, idan kiɗa ya yi zafi kowa ya duƙufa sai ya riƙa share masa gefe guda, har su kai ƙarshen gona tare. Baffa ya manyanta yana alfaharin ba a taɓa barinsa a baya ba.

Na ce, "Amana ce fa na ba ka."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ranki ya daɗe, ko a mafarki ba zan faɗa ba."

Bayan girbi aka kira shi ya yi wa hedimastocin yankinmu jawabi. Na yafa sabon gyale na zauna a gaba, kusa da Yaya, babban ɗan Baffa, wanda shi ma hedimasta ne. Ana cikin sauraro sai na ji ya ambaci sunan ƙauyenmu. Ya kawo gayyar, ya kawo kiɗan, har ya lanƙwashe hannunsa na dama yana kwaikwayon mai jan fartanya da ƙyar. Aka yi dariya, aka tafa. Yaya ya juyo ya dube ni, ya tashi ya fita.

Da aka tashi, mai jawabin ya tare ni a bakin ƙofa yana fara'a. "Malama, kin ji tafi? Ai yabon Baba na yi."

"Amanar fa?"

"To ai ban kama sunan kowa ba."

"Mutum nawa ne mai shanyayyen hannu a ƙauyenmu?"

Ya buɗe baki zai amsa, wani ya jawo shi ɗaukar hoto, ya bi shi.

Malaman da suka je taron sun riga ni kai labarin gida. Da ya sake zuwa zance na aika masa cewa ba zan fito ba, daga ranar ban ƙara fitowa ba. Ina jin labari har yanzu yana ba da misalin a tarurrukan birni, ana tafa masa.

Da damina ta faɗi aka kira gayya, Baffa ya aiko cewa jikinsa ba daɗi. Shekarar da ta biyo ma haka ya ce. Baba bai taɓa tambayata komai ba. Yana dai raba kunyoyi, ya bar guda kusa da tasa, in ya gama ya dawo ya nome ta.